Facebook, X, Threads ko WhatsApp: a ina ake amsa wa mai rubutun Hausa?

Hamma_Bolari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da nake so a baje, kuma na san za ta sosa ran 'yan X, wato tsohuwar Twitter. Ni a ganina, duk mai rubutu da Hausa a Gombe, in dai so yake a karanta a kuma ba shi amsa, Facebook ne gidansa. Kwanaki na yi rubutu a kan kwarin zaizayar ƙasa da ke cin gidajen mutane duk damina, na sa shi a Facebook da X da Threads. Ban canza komai ba, sai na X da na yayyanka saboda ƙa'idar haruffa 280. A Facebook jama'a suka cika wurin sharhi, wani ya turo hoton katangarsa da ta rufta, wasu biyu suka kaure da musu a kan laifin masu zuba shara ne ko na masu gini a hanyar ruwa. A X lambar waɗanda suka gani ta fi ta Facebook nesa ba kusa ba, amma amsoshin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Threads kuwa laik ne daga wasu mutane da ban ga alamar suna jin Hausa ba. Ina masana?

Dan_Kashere:
Wa alaikumus salam Hamma. Da mudu uku daban-daban ka yi awo, kake tambayar wane buhu ya fi cika. Lambar nan ta ƙasan rubutu a X, wadda suka fara nunawa a ƙarshen 2022 bayan Elon Musk ya sayi kamfanin, tana ƙirga duk lokacin da rubutu ya gifta a fuskar wayar wani. Ko bai tsaya ba, ko ya gani sau uku, kai ko kai mai rubutun ka koma ka leƙa, duk ana ƙirgawa. Ba adadin masu karatu ba ce. Masu wannan lissafi tara laik da sharhi da yaɗawa suke yi, su raba da yawan mabiya. A ce kana da mabiya 5,000 a Facebook ka samu sharhi 50, ɗaya cikin ɗari ke nan. A ce a X mabiyanka 200 ne ka samu amsa 4, biyu cikin ɗari. Ka ga wanda kake rainawa ya ninka. Mabiya nawa gare ka a kowanne?

Hamma_Bolari:
Facebook na daɗe, tun ana shiga da Opera Mini a ƙaramar Nokia. Na X ba su taka kara sun karya ba. Amma ƙanina, ni ba kaso cikin ɗari nake nema ba. Mutum 50 da suka buɗe baki sun fi mutum 4, ko da wane lissafi za ka zo.

Sadiq_Tunfure:
Su wane ne mutum 50 ɗin, nan ne maganar. Hamma, a watan Yunin 2021 da gwamnatin tarayya ta fusata, wace manhaja ta rufe? Twitter, bayan sun goge wani rubutu na Shugaba Buhari, kuma ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Facebook da ya fi shi yawan jama'a a ƙasar nan ba wanda ya taɓa shi. Zanga-zangar EndSARS a 2020 a can ta yi ƙarfi. 'Yan jarida a can suke kwana, masu taimaka wa gwamnoni a can suke leƙe. Amsa ɗaya daga ɗan jaridar da zai ɗauki labarin ta fi "Allah ya kyauta" guda ɗari.

Baffa_Jauro:
Yaro, ka iya bakinka a kan "Allah ya kyauta", addu'a ce. Amma gaskiyarka ta wani ɓangaren. Ni nakan zauna in karanta sharhin da ake yi a ƙarƙashin labaran BBC Hausa da Aminiya. Sai ka ga sharhi ya kai dubu, rabi "amin", wasu suna gaida juna, wani yana tallan maganin basir, wani ya amsa abin da kanun labarin ya faɗa alhali cikin labarin ya ce akasin haka. Wanda ya buɗe ya karanta bai fi a ƙirga ba.

Sadiq_Tunfure:
Tuba nake Baffa, ba raina addu'a na yi ba.

Adda_Fatu_Pantami:
Ku maza kuna ta lissafin laik. Ni turaren wuta da atamfa nake sayarwa, kuma na gwada duka. Facebook za a yi maka "nawa ne?" sau talatin a ƙarƙashin hoton da ka rubuta kuɗin ɓaro-ɓaro a jiki, ka amsa, shiru. Ga masu shigowa inbok da "slm y kk" da ba kaya suka zo saye ba. A sitatus ɗin WhatsApp kuwa waɗanda za su gani ba su da yawa, amma duk masu lambata ne, na san su sun san ni, kuma ina ganin sunan duk wadda ta buɗe. In ta ce a kawo mata Jekadafari, kafin la'asar ɗan acaɓa ya kai, alat ya shigo. Wannan ita ce amsar da na sani.

Ummu_Haidar:
Adda Fatu kin gama magana wallahi.

Dan_Kashere:
Adda, hoto kike sakawa ai. Hamma a kan rubutu zalla yake magana.

Adda_Fatu_Pantami:
Ranar da na rubuta "an sauke sabon kaya" kawai ba hoto, ita ma ana kira. Kai dai ka yi ta karatunka.

Injiniya_Bajoga:
Bari in shigo ta inda ba a taɓo ba. Mutane na ɗauka amsar da suke samu daga jama'a take fitowa kai tsaye, alhali akwai algorizim a tsakani, shi ke zaɓar wanda zai ga rubutunka tun kafin a zo maganar amsawa. Kuma kowane kamfani da abin da yake ba wa maki.

A Janairun 2018 Facebook ya sanar cewa zai fifita rubutun 'yan uwa da abokai, da wanda ke jawo doguwar tattaunawa, a kan na shafukan kamfanoni da jaridu. Don haka musun nan da mutum biyu suka yi a ƙarƙashin rubutun Hamma shi ya ƙara tura shi gaban wasu. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 ma sun nuna akwai lokacin da alamar fushi da sauran emoji ke da maki biyar, laik na da ɗaya. Daga baya sun rage.

X kuma a Maris 2023 sun saki wani ɓangare na tsarinsu kowa ya gani. A ciki amsa ta ninka laik sau da yawa, kuma mafi tsoka shi ne mai rubutun ya dawo ya amsa wa wanda ya amsa masa. Hamma, waɗannan 'yan ƙalilan da suka yi maka magana a X, ka koma ka tanka musu? In ajiye rubutun ka yi ka tafi, kai ka kashe shi da hannunka. Sannan in ka sa link a ciki ya ƙara nutsewa. Musk da kansa ya taɓa ba da shawarar a riƙa sa link a amsa ta ƙasa.

Hamma_Bolari:
Injiniya, to ai wannan ya ƙara mini hujja. Wurin da sai na zauna gadin rubutu kafin ya yi rai, ni da ke da shago a hannu?

Injiniya_Bajoga:
Facebook ɗin ma shekaru ka yi kana gadinsa, ba ka lura ba ne don kana jin daɗin hirar.

Zainab_Marubuciya:
Ku zo ku tambayi marubutan littattafan onlayin, mu ne muka san zafin wannan abu. Shafi ɗaya sai ka kwana kana bugawa da babban yatsa, ka tura guruf mai mutum kusan dubu, ka wayi gari ka tarar da sitika da "tnx" da "muna jiran na gaba". Shi ya sa za ku ga marubuciya ta rubuta a ƙasan shafi cewa in ba ta ga sharhi ba ta daina. Ba jan aji ba ne. Sharhin da nake nufi shi ne mai karatu ta ce mini abin da jarumar ta yi a shafi na goma bai dace da halinta na farko ba, ko ta yi fushi da mijin labarin kamar ta san shi. Irin wannan a ƙaramin guruf na waɗanda suka biya kuɗi nake samunsa, ba a babba na kyauta ba. Facebook yana kawo sababbin masu karatu, wannan gaskiya ne, amma rabin masu sharhin "ci gaba" ne kawai. X ban ma fara ba, labarin da shafinsa ɗaya ya fi kalma dubu ina zan kai shi?

Abin da ke ƙona rai kuma, littafin kuɗi sai wata ta fitar da shi ta watsa a wasu guruf-guruf. Ana can ana ta muhawara a kan labarinka, kai ba ka ma san wurin ba. Wannan wace lamba ce za ta nuna maka shi?

Dan_Kashere:
Anti Zainab, ki gwada Telegram. Channel ɗinsu na nuna adadin waɗanda suka ga kowane rubutu, har da waɗanda suka gan shi bayan an tura wani wuri, kuma za ki iya haɗa shi da guruf don a yi sharhi a ƙasa. Guruf ɗinsu yana ɗaukar mutum 200,000, na WhatsApp kuwa 1,024 ne iyaka.

Zainab_Marubuciya:
Na buɗe tuni. Masu karatuna matan aure ne da 'yan mata, da yawa wayar ba ta da wurin ƙara wata manhaja, sai an goge hotunan biki. Telegram a wurinsu na sauke fim ne.

Alhaji_Tudun_Hatsi:
Ni ban iya dogon rubutu ba. Mu a kasuwa guruf gare mu, da safe wani zai faɗi yadda masara da wake suka kwana a Kumo, wani ya faɗi na nan. Murya muke turawa. Minti biyar an amsa, don kowa kuɗinsa na ciki.

Sadiq_Tunfure:
Alhaji ya kawo murya, Adda ta kawo atamfa. Saura mai TikTok ya shigo mu tashi.

Baffa_Jauro:
Kada ka yi wa Alhaji dariya, ya faɗi abin da ku masu boko kuka tsallake. Mutanenmu da yawa suna jin Hausa sarai amma rubuta ta na ba su wuya, wasu da ajami suka taso. Wanda zai kira gidan rediyo ya yi minti uku yana zuba hujja, in ka ce ya rubuta sai ya sa "hakane" ya wuce. To kada a ɗauka gajeren sharhi gajeren tunani ne.

Nurse_Billiri:
Ina karantawa tun ɗazu. Wani abu game da Gombe da ba a faɗa ba: mu nan ba Hausa kaɗai ba ce. Akwai Fulatanci, Tangale, Tera, Waja, Bolanci da sauransu, Hausa ce ta haɗa mu. In na yi rubutun wayar da kai a kan awon ciki ko rigakafi da Hausa a Facebook, 'yan Kaltungo da 'yan Dukku duk suna amsawa, har a yi mini tambayoyin da mace ba za ta yi a gaban layin asibiti ba. Na sa irinsa a X da Hausa, shiru. Na mayar da shi Turanci, sai ga ma'aikatan lafiya daga Legas da Abuja suna tofa albarkacin bakinsu. Daɗi dai na ji, amma ba su nake nema ba.

Sadiq_Tunfure:
Wannan kam haka ne. 'Yan Arewa a X Turanci muke yi ko Ingausa, Hausa zalla sai in za a yi barkwanci ko habaici. Kuma sallama da gaisuwa kaɗai sun cinye rabin 280 ɗin.

Injiniya_Bajoga:
Sai in ka biya kuɗin shuɗin maki, a ba ka damar dogon rubutu, a kuma ɗora amsarka a saman ta waɗanda ba su biya ba. Wannan ma ya ɓata awon. Tun da X ya fara biyan masu shuɗin maki a 2023, sai ka ga mutum ya jefo maganar da ya san za ta haɗa Arewa da Kudu faɗa, ko maza da mata, don kawai a yi masa ca. Zagi dubu a wurinsa riba ce.

Ummu_Haidar:
Facebook ɗin fa? Tun da aka ce an fara biyan 'yan Najeriya a 2024 kowa ya zama mai tambaya. "Matarka da mahaifiyarka wa za ka fara ceto?" "Rubuta sunan garinku mu ga wa ya fi yawa." Har mutanen da nake ganin girmansu. Na cire da yawa daga cikin waɗanda nake bi.

Dan_Kashere:
Abin mamaki tun Disambar 2017 Facebook ya ce zai riƙa danne rubutun da ke roƙon laik da sharhi. Ko dai injin nasu bai gama jin Hausa ba ne.

Baffa_Jauro:
Ga kuma 'yan data, masu yi wa 'yan siyasa farfaganda a intanet. Lokacin zaɓen 2023 in ka taɓa wani ɗan takara, cikin minti goma mutum ashirin sun sauka a kanka da magana iri ɗaya, har kuskuren rubutun iri ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya ce rubutun ya karɓu.

Dakta_GSU:
Tunda an taɓo Threads a farko ba a koma ba, bari in ce wani abu. An buɗe shi ranar 5 ga Yulin 2023, cikin kwana biyar mutum miliyan 100 suka yi rajista. Dalili shi ne a lokacin da asusun Instagram ake shiga, dannawa ɗaya ka kwaso mabiyanka. To mabiyan Instagram hoto suka zo kallo, ba su yi alkawarin karanta haruffa 500 a kan zaizayar ƙasa ba. Sannan a farkon 2024 Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram da Threads, ta ce ba za ta riƙa tura rubutun siyasa ga wanda ba ya bin mai shi ba, sai a Janairun 2025 ta janye. Wanda ya gwada shi a tsakanin nan da maganar gwamnati, dole ya ce kufai ne. Baƙin da suka yi wa Hamma laik kuwa, haka tsarinsa yake, ya fi nuna maka mutanen da ba ka bi.

Ni yanzu na fi zama a Bluesky, wata manhaja mai kama da X. An buɗe wa kowa a Fabrairun 2024, kafin nan sai da gayyata, kuma ya cika da malaman jami'a da 'yan jaridar da suka baro X bayan zaɓen Amurka na Nuwamban 2024. Haruffa 300 ne, kuma akwai shafin da ke jero rubutun waɗanda kake bi bisa lokaci, ba mai zaɓar maka. In na tambayi wata takardar bincike, kafin dare wani daga Jamus ko Kenya ya turo mini. Mastodon, wata irinta, ma haka yake tun 2016, sai dai zaɓar saba (server) a wurin rajista na korar mutane.

Hamma_Bolari:
Dakta, tsakani da Allah, Bahaushe nawa ka taɓa gani a can?

Dakta_GSU:
Kaɗan ne ƙwarai, kuma su ma Turanci suke yi.

Hamma_Bolari:
To kun gani. An zaga an zaga an dawo inda na tsaya. Na ce mai rubutun Hausa, ban ce mai neman takardar bincike ba. Kuma akwai dalilin da ba wanda ya ambata: kuɗin data. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025 mutane lissafi suke yi. A wasu layukan Facebook na buɗewa kyauta, ba hoto ba bidiyo, rubutu kaɗai. Yaron da ba shi da ko sisi a waya zai karanta ni ya yi sharhi. Sau nawa ake ce mini "Hamma me ke cikin hoton, ina firi mod"? Wace manhajar ce a cikin sauran ta yi wa talaka wannan?

Sadiq_Tunfure:
Na ba ka wannan. Amma ka lura, yawancin abin da ake muhawara a kansa a Facebook da yamma, sikirinshot ne na abin da aka faɗa a X da safe. Daga nan ya gangara WhatsApp, jibi a karanta shi a rediyo. Ka ce ba a amsa maka a X ba, ni kuma na ce wanda ya kwafe ka ya kai wani wuri ba ya barin sawu.

Zainab_Marubuciya:
Abin da na faɗa ɗazu ke nan, aka bi ta kansa da tallan Telegram.

Nurse_Billiri:
Tambaya: channel ɗin WhatsApp da aka kawo a 2023 fa? Wurin aikinmu ana so a buɗe don sanarwa.

Injiniya_Bajoga:
Don sanarwa ya yi, Sista. Amma mabiya ba sa iya yin sharhi kamar a Facebook, sai dai su danna emoji ko su kaɗa ƙuri'a in kin sa zaɓi. Kuma in babu lambarki a wayar mutum ko tasa a taki, ba ku ganin lambar juna. Matan da ke miki tambaya a Facebook ba za su samu bakin yi a can ba, sai kin ajiye musu wata lambar daban.

Dan_Kashere:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Hamma bai faɗa mana ƙarfe nawa ya saka kowanne ba. Rubutun bayan isha'i, lokacin da aka samu wuta aka yi caji, ba ɗaya yake da na tsakar rana ba. A samu mutum biyar a zauren nan, kowa ya sa rubutu iri ɗaya a lokaci ɗaya na tsawon wata guda, a ware "amin" da sitika gefe, a ƙirga sharhin da ya kai jimla guda. Ni zan haɗa alƙaluman.

Adda_Fatu_Pantami:
Ya samu aikin firojet a kanmu kyauta.

Baffa_Jauro:
Kuma wa ya ba ka izinin ware "amin" gefe? In na sa sanarwar rasuwa, ita ce amsar da nake nema.

Dan_Kashere:
Baffa, sai mu raba rubutun gida biyu, na sanarwa da na muhawara. Wa zai shiga?

Sadiq_Tunfure:
Sa sunana. Amma X da Ingausa zan yi, ba zan ɓata shafina ba.

Dan_Kashere:
In ka canza harshe ai gwajin ya lalace tun ba a fara ba.

Ummu_Haidar:
Dakta, Bluesky ɗin nan yana cin data sosai? Kuma in na shiga wa zan bi?

Dakta_GSU:
Bai kai Instagram ci ba, Hajiya. Ki fara da ni, zan turo miki sunayen sauran ta inbok, ba su da yawan da za su gajiyar da ke.